Ranar Gwajin Reshe

A shekarar 1879 aka yanke wa Hobart Dill hukuncin rataya a garin Orlin saboda satar goɗiya. An fara shari'ar da hantsi washegarin kama shi, an gama kafin rana ta take, kuma ba wanda ya yi gardama. Sai da aka fito da shi waje da igiya a wuya, mutum bakwai na kwamitin gari suka tsaya suna waige-waige, sannan aka tuna babu bishiya a garin.

Orlin a lokacin gidaje goma sha ɗaya ne a tsakiyar filin Nebraska, duk an gina su da gunduwar ƙasa mai ciyawa, dogon mutum sai ya sunkuya yake shiga. Gabas ciyawa, yamma ciyawa. Bishiya mafi kusa tana bakin kogi, tafiyar kwana biyu a amalanke, kuma lokacin girbi ne.

Dill yana da shekara ashirin da huɗu, siriri kamar kara, ya zo neman ƙwadago bai samu ba. Da sassafe ya kwance goɗiyar Gustav Renke ya nufi yamma. Bai iya hawa sosai ba, bai kuma san goɗiyar ta bar duƙushi mai shan nono a gida ba. Ta yi ta lanƙwasa hanya da shi a hankali, shi kuwa ko'ina iri ɗaya yake gani. Wajen tsakar rana ya hango wani gida, ya yi murna, ya sauka ya ƙwanƙwasa don ya roƙi ruwan sha. Renke ne ya buɗe masa.

Kwamitin yana da takarda. Ambrose Tull mai kanti ne ya rubuta ta, shi ne masanin garin, don ya karanta rabin wani littafin shari'a, sauran rabin an hura wuta da shi a wani hunturu. Ƙa'idodi uku ne a ciki. Ta farko, ɓarawon doki a rataye shi a bishiya. Ta biyu, ba a jin maganar ɓarawo. Ta uku, abin da aka yanke yana nan daram har ranar da aka zartar. Dill ya buɗe baki sau biyu a wurin shari'a, sau biyun Tull ya ɗaga masa yatsu biyu, ya rufe.

Da aka rasa bishiya wani ya ce a harbe shi kawai, mutane suna da masara a gona. Wani ya ce a ɗaga sandar amalanke a tokare, ya ga an yi haka a wani gari. Tull ya ƙi. Ya ce mutum bakwai suka sa hannu a takardar nan, in suka harbe shi su masu kisan kai ne, in suka rataye shi a bishiya su hukuma ne, kuma in aka rasa wannan bambanci gara kowa ya koma inda ya fito. Suka haƙura, don ba wanda yake son komawa inda ya fito.

Daga nan wani ya tuna da bishiyar Ludmila Vavra.

Ludmila ta zo daga Bohemiya tare da wanta, wan ya mutu a hunturun farko, ya bar ta da gona da kaji da wani iri da ta ƙulle a hankici tun daga garinsu. Ita tana kiran abin lipa. Ta shuka shi a ƙofar gida, ta kewaye shi da 'yan turaku saboda shanu, a lokacin ya kai ƙirjin mutum. Nan kwamitin ya nufa, Dill a gaba da igiya tana jan ƙasa. Ta fito da muciya a hannu, ta saurari Tull har ya gama, ta dubi Dill, ta dubi bishiyar.

"A nan za ku rataye shi? Ko wandonsa ba za ta ɗauka ba."

"Za mu jira," in ji Tull.

Ta ce ai shi ke nan, amma bishiyar ruwa take sha safe da yamma, rijiya kuwa rabin mil ce, ita ta gaji, duk mai buƙatar bishiya ya ɗauki bokiti. Mutum bakwai suka shiga duban takalmansu. Tull ya yi tunani, ya yanke cewa wanda zai yi amfani da bishiyar shi ya kamata ya shayar da ita, kuma a cikinsu duka mutum ɗaya ne zai yi amfani da ita.

Renke, wanda shi ma ɗan kwamitin ne, ya yagi jan ƙyalle daga hankicin wuyansa ya ɗaura a wani reshe da ya miƙa gabas. Aka tsara cewa kowace kaka, Asabar ta farko a Oktoba, za a auna Dill a sikelin kanti, a cika buhu da masara daidai nauyinsa, a rataya a reshen. In gindin buhun ya taɓa ƙasa, bishiya ba ta isa ba, sai baɗi. In bai taɓa ba, a sauke buhu a sa mai shi. Kafin a watse Renke ya matso kusa da kunnen Dill.

"Kai Ɓarawo, saurara. Ranar da bishiyar nan ta bushe, ni ban iya karatu ba. Bindiga na iya."

Tun daga ranar bai ƙara kiransa da wani suna ba.

Babu kurkuku a Orlin, saboda haka Dill ya tare a ɗakin kajin Ludmila. Ba a ɗaure shi ba, ba a sa masa mai gadi ba. Ya yi tunanin gudu, ya lissafa mil sittin a ƙafa babu ruwa babu inuwa, sai ya gane da kansa dalilin da ya sa ake rataye ɓarawon doki a ƙasar nan. Ya koma ya ɗauki bokiti.

Aikin ya fi shari'ar wuya. In ya rage ruwa bishiya ta mutu, harsashi. In ya ba ta ta ƙoshi ta yi ƙarfi, igiya. Yakan tsaya da bokiti a hannu yana nazarin ganye kamar likita, ya zuba, ya dakata, ya ƙara kofi ɗaya, ya yi nadama. Cikin shekara biyu ya gano ainihin abin da yake riƙe rai a jikin itace ba tare da ya ba shi kuzari ba, bokiti ɗaya da rabi. Ba a taɓa samun mutumin da ya san bishiya kamarsa a wannan yanki ba, kuma duk tsoro ne ya koya masa. Yawancin ilimi haka ake samunsa, masu shi ne ba sa faɗa.

Gwajin farko ba a ma saki buhun ba reshen ya kwanta. Laba ɗari da talatin sikeli ya nuna. Da yamma Ludmila ta kira shi cikin gida karo na farko, ta ajiye masa kwano cike da dunƙulen fulawa da naman alade da kabeji mai tsami, ta malala kitsen dinya a kai.

"Ci," ta ce. "Bishiya tana girma. Kai me kake jira?"

Ya daɗe yana kallon kwanon kafin ya fahimta. Ya cinye, ta ƙara. Masarar buhun ma, da Tull ya ce ta zama ta mai laifi tun da an rataye ta a madadinsa, niƙa ta Ludmila ta yi ta ɗura masa a kunu har bazara.

A shekara ta huɗu suka yi aure. Matan gari sun yi mata faɗa, ta ce mijin da ya san inda zai mutu ba ya yawo. Da fasto ya zo wurin da ake cewa sai mutuwa ta raba, duk cocin ya juya ya leƙa taga. Dill bai taɓa tabbatar ko son sa take yi ba ko kuwa ba ta son a ɓata mata bishiya. Ya taɓa tambaya sau ɗaya, ta ce ya miƙo kwanonsa.

Abu ɗaya ne suka yi ta rigima a kansa har tsufa. Da busasshen kashin shanu da totuwar masara ake girki a Orlin, toka kuwa ba ta ƙarewa. Kowace safiya Ludmila takan kwashe tokar murhu, ta haɗa da sharar ɗaki da ɓawon ƙwai, ta je ta juye a gindin bishiya, ta tattake da ƙafa. Dill ya ce tana ɓata masa lissafin ruwa, kuma ƙazanta ce a ƙofar gida. Ta ce haka ake yi a garinsu, maganin tururuwa ne. Ya ce babu tururuwa. Ta ce ka gani ko.

Shekaru suka yi ta wucewa, bishiya tana ƙara kauri, Dill yana ƙara kauri. Fari ya zo, ya rage wa kansa ruwan sha ya ba ta. Fara ta sauka, ya yini yana kaɗa zani a kanta. Shekarar babbar guguwar ƙanƙara ya naɗe ta da bargonsu ɗaya tilo, ya tsaya a gefenta yana roƙon Allah Ya raya ta, amma kada Ya yi gaggawa. Jirgin ƙasa ya iso garin, da zai iya hawa ya ɓace, amma a lokacin ya haura laba ɗari biyu da hamsin, kuma ranar Laraba Ludmila take gasa kolaci, burodin garinsu mai cuku. Tare da jirgin aka kafa falwayoyi dogaye masu ƙarfi, Renke ya je wurin Tull da murna ya ce ga wurin rataya ya samu, Tull ya buɗe takarda ya nuna masa ƙa'ida ta uku. Inda aka ɗaura jan ƙyalle, nan ne.

Renke bai huce ba ko kaɗan. Goɗiyar ta tsufa ta mutu a hannunsa, duƙushin ya tsufa ya mutu, shi yana nan. Kowane wata yakan sauko da igiya ya shafa mata mai, sau biyar yana sake sabuwa. In suka haɗu a hanya yakan dubi wuyan Dill kafin ya dubi fuskarsa. Dill yana kiransa Mai-goɗiya, yana cire masa hula, kuma duk makon gwaji abinci ne kawai yake shiga cikinsa, barci ba ya zuwa.

Garin kuwa ya sami abin yi. Wurin da babu kogi babu dutse, komai ya samu sai ya mai da shi biki. Ranar Gwajin Reshe ta zama ranar da ake zuwa daga garuruwan maƙwabta, mata suna gasa da juna a toye-toye, 'yan badujala suna busa. A ɗora Dill a sikelin hatsi, Tull ya faɗi nauyi da ƙarfi, in an samu ƙari a tafa. Ludmila ce take ɗinka buhun, kowace shekara tana ƙara masa faɗi. Ƙarti huɗu su ɗaga, su saki, reshe ya yi ƙara ya sunkuyo, buhu ya dira a ƙasa, a yi shewa. Renke ya tofar da yawu ya ce baɗi. Baƙi suna ɗauka wasa ne. Dill, wanda yake tsaye kusa da Renke yana jin yadda numfashinsa yake tsayawa in an saki buhu, ya san ba wasa ba ne.

Da mutane suka ga lipa ta yi inuwa, kowa ya so tasa, kuma mutum ɗaya ne ya iya. Dill ya dasa bishiyoyin babban titi, da na makaranta, da na maƙabarta. Waɗannan yana ba su ruwa su ƙoshi, suka yi ta tashi har suka wuce lipa. Aka wayi gari Orlin yana da bishiya ɗari huɗu, kowace za ta iya ɗaukar sa da sirdi, duk aikin ɓarawo ne, ba kuma wanda ya ga wani abin mamaki a ciki.

A 1913 hukuma ta iso, cikin mota. Babban ɗan sandan gunduma ne, sabon naɗi, da gashin baki da littafi a aljihu, ya ji labari ya zo ranar gwaji. Dill ya matso kusa. Jami'in ya tara mutane ya yi musu bayani cewa zamani ya sake, yanzu ɓarawon doki 'yan shekaru yake yi a gidan yari, wannan laifin kuwa ya tsufa har doka ba ta son ganinsa. Ya ba da misalin wani da ya saci mota a babban gari aka ba shi wata takwas. Renke ya tambaya ko ana ba shi abinci a ciki. Aka ce sau uku a rana, da gado. Renke ya ce to wane ne aka hukunta, ɓarawon ko masu ciyar da shi?

Jami'in ya juya ga Dill ya tambaye shi ko yana da ƙorafi. Dill ya buɗe baki, Tull, wanda tsufa ya fara rinjaya, ya ɗaga yatsu biyu. Shekara talatin da huɗu na sabo suka rufe masa bakin. Jami'in ya tambaya to wa aka rataye kawo yanzu. Aka ce buhun masara talatin da huɗu. Ya duba littafinsa gaba da baya, bai sami inda aka hana rataye masara ba. Ya ci kolaci uku, ya dafa kafaɗar Dill.

"Kada ka damu, dattijo. Ranar da suka rataye ka, a aiko mini. Ba zan yi musu da sauƙi ba."

Ya shiga mota ya tafi.

'Yan kwamiti suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, Dill yana dasa musu bishiya a kan kabari. Tull ya bar wa Renke takardar a cikin gwangwanin shayi. Ya rage saura Renke kaɗai, gwauro tun shekara goma, yana cin wake daga tukunya a tsaye.

Ludmila ta rasu a Fabrairun 1921, ciwon kwana shida. Sikelin bara ya nuna laba ɗari uku da goma sha biyu. Matan gari suka yi abin da suka saba, mako biyu kwanuka suna shigowa a rufe da tawul, kowace ta zauna minti goma ta ce Allah Ya ba da haƙuri tana duban inda ƙura ta taru. Mako na uku suka aiko a karɓo musu kwanukansu. Ta'aziyya tana da wa'adi kamar madara, wanda aka yi wa rasuwa ne kaɗai ba a sanar wa.

Ba wai Dill ya yanke shawarar daina ci ba ne. Yakan dafa wani abu, ya zauna, ya ga kujerar da take fuskantarsa, ya tashi. Shekara arba'in yana ci don wata tana tsaye a kansa da ludayi, da aka ɗauke ludayin ya gano bai taɓa jin yunwa ba tun yana saurayi. Toka kuwa yakan watsa ta bayan gida, inda ya daɗe yana cewa nan ne wurinta. Ya ci wannan gardamar a ƙarshe, babu wanda zai gaya wa. Ruwa dai bai fasa ba, bokiti ɗaya da rabi, safe da yamma.

A watan Yuli ya gamu da Renke a ƙofar kanti. Renke ya dubi wuyansa, wanda yanzu yake yawo a cikin kwala.

"Ɓarawo, ka rame."

"Sai ka yi murna, Mai-goɗiya."

Renke ya ce murna tasa ce, ba sai an ba shi izini ba. Ya sayi man igiya ya fita.

Iskar Nebraska ba ta hutu, duk abin da ba a danne ba sai ta kwashe. Bazara da rani ta yi ta share gindin lipa, Dill bai kula ba. Sai da safiyar ranar gwaji, ya zo zuba ruwa, ya yi tuntuɓe da wani abu. Ya duba, kan turke ne, baƙi, ruɓaɓɓe. Ga wani can, ga wani, sun yi da'ira. Turakun da Ludmila ta kafa saboda shanu ne, tun bishiya tana ƙirjin mutum. Da can sun kai masa gwiwa. Bai tuna ranar da aka cire su ba, don ba a taɓa cire su ba. Ya tona da tsinin takalmi, toka, ɓawon ƙwai, toka, hannun wani kofi mai shuɗin fure da ya fashe shekarar aurensu. Ya ɗaga kai, reshe mai jan ƙyalle yana daidai saman wurin.

Ya zauna a kan bokiti. Shekara arba'in da biyu yana tsammanin shi yake sauka wurin ƙasa da ƙarfin cikinsa, ashe ƙasar ce take hawowa ta tarye shi, bokiti ɗaya kowace safiya, shi kuma yana tsaye a ƙofa yana mata faɗan ƙazanta.

Jama'a sun cika fiye da kullum, don labari ya bazu cewa bana akwai abin kallo. Mutane ba mugaye ba ne, amma ba sa son a ba su labari. Aka ɗora Dill a sikeli, sabon mai kanti ya faɗi nauyi a hankali kamar mai neman gafara, laba ɗari da tamanin da takwas. Ba a tafa ba. Buhun bara aka ɗauko, ɗinkin Ludmila na ƙarshe, masara ta tsaya a rabinsa, sauran ya yi laɓo-laɓo. Mutum biyu suka isa ɗaga shi.

Aka saki. Reshe ya yi ƙara, ya sunkuyo, ya sunkuyo, ya tsaya. Buhun ya yi lilo sau uku ya natsu. Tsakaninsa da ƙasa akwai kamar yatsa huɗu, har ana hango hasken rana ta ƙarƙashi.

Mai busa ƙaho ya sauke ƙahonsa. Wata mata ta rufe tiren toye-toyenta da tawul. Yawancin waɗanda suke wurin ba a haife su ba lokacin da aka saci goɗiyar, sun zo ne su ci su sha, yanzu suka tuna cewa bikin yana da ƙarshe kuma an rubuta shi. Duk ido ya koma kan Renke, shi ne kwamiti, gwangwanin shayi yana hammatarsa.

Dill ya jira tsoron da ya saba, bai zo ba. Abin da ya ji ya fi kama da na mai ɗauke da kaya da aka ce masa ga gidan nan. Ya cire hularsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya ɓalle maɓallin kwala, ya taka zuwa ƙarƙashin reshe da ƙafarsa.

Renke yana da shekara saba'in da bakwai, sai da ya ɗauki lokaci kafin ya iso da sandarsa. Ya zagaya buhun sau ɗaya. Ya sunkuya iyakar yadda bayansa ya yarda, ya leƙa. Ya miƙe, ya sake zagayawa, ya tsaya dab da shi yana tari. Cikin tarin ƙafarsa ta dama ta zame gaba, takalmin da ya yi butu-butu da toka ya shige ƙarƙashin buhun, buhun ya zauna a kai.

"Ya taɓa," in ji Renke.

Kowa ya dubi takalmin.

"Ƙafarka ce," in ji Dill.

"Ya taɓa. Sai baɗi."

"Mai-goɗiya, ƙafarka ce, kowa yana gani. Shekara arba'in da biyu kana shafa wa igiyar nan mai, ka hana ni barci, ka sa na ci abin da ya kashe mini gwiwoyi. Yau ga ni ga reshe. Janye ƙafarka."

Bai taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban kwamiti ba. Renke ya saurare shi har ƙarshe, ya mai da sandar hannun hagu, ya ɗaga yatsu biyu.

"Ba a jin maganar ɓarawo."

Wani ya fara tafi daga baya, saura suka kama, badujala ta ɓarke kowa da inda ya fara. Aka sauke buhu da sauri kafin tsoho ya gaji da tsayuwa. Aka mai da wa Dill hularsa, aka yi ta dafa shi ana taya shi murna, shi kuwa bai taɓa jin an cuce shi irin ta ranar ba.

Washegari da hantsi ya fito da bokitansa, ya tarar da Renke a gindin bishiya yana juye toka daga wata tsohuwar garwa. A gefe ga tukunya an ɗaure murfinta da tsumma. Renke bai ɗago ba, ya ce bayan gidansa ya cika, ya rasa inda zai zubar.

Dill ya tambaye shi tun yaushe ya sani. Renke ya ce tun shekara ta tara, kwamiti ba makafi ba ne. Ya kai ƙara wurin Tull a lokacin, Tull ya duba takarda sama da ƙasa bai ga inda aka hana mace zubar da toka a ƙofar gidanta ba. Daga baya ma matar Tull takan aiko da tata in an yi baƙi.

"To kowa ya sani sai ni?"

"Matarka ce ta hana a gaya maka. Ta ce in ka sani za ka rage ci." Renke ya tattake tokar da ƙafa, bai iya ba, rabi ta tashi ta bi iska. "Wai tana son ganin kana ci. Ni ban ga abin kallo a ciki ba."

Dill ya juya yana duban titi, ya daɗe a haka. Renke ya ƙyale shi, don shi ma ya san wannan kallon titin.

Can ya tura masa tukunyar da sanda. Ya ce kada ya yi zaton wani abu, hukunci yana nan, zai rataye shi ko baɗi ko baɗin baɗaɗa, igiya sabuwa ce. Amma goɗiyarsa dabba ce mai daraja, ba zai rataye fata da ƙashi a madadinta ba mutane su yi masa dariya. Gobe zai kawo wata tukunyar, kuma yana son ya tarar da wannan a wanke.

Dill ya kwance tsumman. Wake ne, ƙasan ya ƙone, saman bai nuna ba, babu gishiri. Ya zauna a kan turken da ya fi fitowa, ya ciro cokali daga tukunyar ya fara ci, Renke yana tsaye a kansa yana ƙirga loma. Da ya kai rabi ya ce ya ƙoshi. Renke ya ɗaga yatsu biyu. Dill ya ci gaba da ci.

Da ya gama ya tashi ya zuba wa lipa ruwanta, bokiti ɗaya da rabi, ya tsaya da sauran rabin a hannu yana duban ganye. Sannan ya yayyafa shi a kan tokar, don kada iska ta kwashe.